Tafiyar bakansu Kano da Tantin yara: kar ɗin ya ba mu haushi amma takardar defi ta fanshi kuɗinmu

Salamu alaikum mutanen Maradi. Tun ranar da munka dawo ake tare ni a hanya, wasu har gida suke biyo ni, wai Madam ya tafiyar, ta kai kuɗinta ko ko an yi maku wayo, to wallahi na maimaita labarin nan har bakina ya yi tsami shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya kowa ya karanta, ku huta ni ma in huta. Ba zan kira sunan yarinyar da ke shirya tafiyar ba kuma ba zan kira sunan wurin wasan ba, don akwai abubuwan da ba su yi min daɗi ba kuma sai na faɗe su, ban son a ce na zo ɓata ma wani kasuwa. Yara Tanti suke ce mata, ni ma haka zan ce. Masu gaggawa kuma ga not ɗinta tun yanzu, kun san mu malaman lakwal komi sai mun auna shi bisa 20, to na ba ta 14. Da babu takardar nan da zan ba ku labarinta da 9 za ta samu ta maimaita aji.

Tsarin shi ne yini 3 kwana 2 a Kano, kar, wato motar bas, zuwa da dawowa, masauki, abinci, tiken shiga wurin wasa da na hawa abu biyar kowane mutum, sai gidan zoo ranar ƙarshe. Babba jika 45 yaro jika 30, jika ɗaya sefa dubu kenan. Ni da ɗiyana uku, sai Inna uwar maigida wadda ba wanda ya gayyace ta, ita dai ta ji ana maganar Kano ta ce ƙafarta ƙafar jikokinta, kenan jika 180 cif, kuɗin adashena na bana ɗungurungum. Maigida kam cewa ya yi kasuwa ba ta san bakansu ba, ya raka mu tasha ya juya. Sai kuma taubashina ɗan kawuna mai saida kayan babur da ya zo da nashi yara biyu, ku riƙe shi a rai don zai sake fitowa a labarin nan kuma ba da mutunci zai fito ba.

An ce mana ƙarfe 6 na safe kar zai tashi duk wanda ya makara ya yi asara. Tun biyar da rabi muna tasha da yara ko karin kumallo ba su yi ba, ba mu tashi ba sai 8 da minti 20, wai ana jiran wata mata da ta biya ma mutum bakwai. Kilim ɗin, wato na'urar sanyaya mota, da anka yi ta talla da shi kuwa daga Maradi zuwa Dan Issa ya yi aiki, daga nan ya ce ga garinku nan. Cikin watan Agusta, ga zafin damina mai ɗanɗano ga yara sun kusa ashirin a mota guda, ku dai ku ƙiyasta. A iyaka ba mu sha wahala ba don gaskiya Tanti ta tattara katin kowa da takardun haihuwar yara tun kwana uku kafin tafiya, ta jera su cikin jaka ɗaya bisa tsarin kujeru, wannan na yaba mata. Tun da anka sake buɗe iyakar a watan Maris na 2024 wannan ne karo na farko da na tsallaka. Muna ratsa Jibiya zuwa Katsina wani dattijo a bayana yana ta lissafin cewa in jirgin ƙasan nan na Kano zuwa Maradi da anka aza tubalinshi a Fabrairun 2021 ya fara aiki, kilomita 284 ne kawai, duk wannan gumin ya ƙare, Inna ta ce mashi Allah ya nuna mana da rai da lafiya amma yanzu dai buɗe min tagar nan.

Bayan mun wuce Katsina ne mota ta rikice, wannan na kuka wancan na tsungulin ɗan'uwanshi, ni kaina na fara nadamar kuɗina, sai Tanti ta miƙe tsaye ta ciro wasu takardu da wani gwangwanin madara da anka huda ma murfi. Takardar ba wani abin a zo a gani ba ce, fotokopi ce baƙi da fari har wani gefen ya shafe, a sama an rubuta DEFI, wato ƙalubale, da manyan baƙaƙe, ƙasa kuma abubuwa 12 da za ka gwada yi kafin mu dawo gida, kowane da makinshi. Wanda ya gwada ya kasa zai jefa amandi, wato tara, dala ashirin (sefa 100) a gwangwani, wanda ya fi kowa maki shi zai kwashe. Ba dole, in ba ka so kada ka taɓa. Sannan ta raba ma kowa ɗan anbulop da guntuwar takarda ta ce kowa ya rubuta ma kanshi defi ɗaya na sirri, abin da shi dai ya san yana jin tsoro ko kunyarshi, a liƙe a ba ta, ba za a buɗe ba sai a hanyar dawowa. Gaskiya ni a lokacin raina abin na yi, na ce a raina jika 180 na biya a kawo min aikin aji, ni da na gudo ma takarda. Amma dai na rubuta nawa na liƙe. Inna ma ta karɓi bik ta juya mana baya ta daɗe tana rubutu.

Defi na farko tun a ƙofar gari ya fara, wai daga shigarmu Kano har magariba kowa Kananci zai yi, duk wanda anka ji ya ce munka ko sunka ko mi ko wanga sai ya biya. Kai jama'a ashe mutum bai san bakinshi ba sai an sa mashi tarko. Ni da nake ganin na iya, ban yi minti biyar ba na ce ma auta mi kake nema, yara sunka yi caa a kaina. Inna kuwa cewa ta yi ni in bar Hausar da uwata ta haihe ni da ita saboda gwangwanin madara, ta kwance bakin zane ta ciro jika guda ta cusa, ta ce ga kuɗin kuskure goma nan na biya tun gaba ku bar ni in yi maganata. Ba mu kai masauki ba ta cinye goman. Ta ce jika ya ci mata jika, don auta ne mai lissafa mata yana ɗaga yatsu ba ya barin ko ɗaya ya wuce. A nan ne kuma ɗana na tsakiya ya tambayi mai rake kuɗin sanda, anka ce mashi ɗari biyar, yaro ya yi lissafin gida dala ɗari biyar sefa 2.500 kenan, ya dawo ido ya ciko da hawaye wai Mama mutanen garin nan ba su tsoron Allah. Sai da na zaunar da shi na ce nan naira ake ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya ba a ninkawa biyar irin namu.

Masauki ba zan ɓata bakina a kanshi ba. Ɗaki da tsabta, katifa da kyau, gidan sauro akwai, amma daren farko famfo ko ɗigo, da bokiti munka yi ta jigila daga ƙasa. Abinci shinkafa da rana shinkafa da dare, sai da Inna ta yi bore anka nemo mata fura.

Washegari ne ranar wurin wasan kuma shi ne abin da munka biya kuɗi dominshi. Wuri ne mai fili da inuwa ba laifi, akwai wurin salla akwai wurin zama, amma daga cikin injinan da munka gani a bidiyon talla guda uku a rufe suke an ɗaure su da igiya, ba wanda ya ce mana komi. Kuma abin da na lura da shi, wanda duk mai niyyar zuwa ya kamata ya sani, kowane hawa bai wuce minti uku ko huɗu ba, kenan tike biyar ɗin nan in ka haɗa su kwata-kwata minti ashirin ne. Sauran yinin duk layi ne da rana da yaro na jan zanenka yana cewa a ƙara. Na ga wasu iyalai da ba cikinmu suke ba, kafin azahar sun gama tikensu sun zauna sun yi jugum uban na ta duba waya uwar na ta tsawa. Mu kuwa har la'asar ba wanda ya ce ya gaji, saboda ko a layi kake akwai abin da kake farauta.

Misali akwai defin nemo ɗan Maradi a cikin wurin wanda ba tare munka zo ba. Na ce wannan ai sai an sha yawo, ashe minti goma bai cika ba yara sunka jawo wani mai saida kilishi a bakin ƙofa, ɗan Tasawa ne, shekara takwas yana Kano, anka yi ta gardama ko Tasawa ta shiga lissafi Tanti ta yanke hukunci cewa jiha ɗaya ce an ci. Bawan Allah nan da ya ji bakin Inna sai da idonshi ya kawo ruwa, ya yanko mata kilishi ya ƙi karɓar ko dala. Akwai na sa mai saida tike dariya, wani mutum ne fuska kamar an aiko mashi da mutuwa, yara sun gwada duk wata tsiya bai ko motsa ba. Akwai na ajiye waya awa biyu a jakar Tanti, wannan yara duk sun ci, mu manya ne munka zubar da mutunci, ni minti arba'in na yi na je na ce a ba ni in ga ko maigida ya kira. Bai kira ba. Dala ashirin ta tafi.

Motocin karo su ne inda anka fi shan dariya. Ga wanda bai taɓa gani ba, ƴan ƙananan motoci ne da anka kewaye da roba mai kauri, kowace da sanda a bayanta da ke gogar wata ragar ƙarfe a sama, daga nan take shan kuran, wato wutar lantarki, ya bi ta ƙasan da shi ma ƙarfe ne, shi ya sa kake ganin tartsatsi a saman sandar kuma da mai kula ya kashe duk su tsaya lokaci guda. Kowa ya shiga burinshi ya daki wani. To defin Tanti akasin haka ne, ka yi zagayenka har a kashe ba ka daki kowa ba kuma ba a dake ka ba. Taubashina ya gyara hula ya ce shi da ya yi shekara goma sha biyar yana ratsa kasuwar Maradi da babur ranar Juma'a ko kaza bai taɓa takewa ba, wannan ai wasan yara ne. Ashe yaran sun haɗa baki tun a layi. Ana kunnawa mota shida sunka yi kanshi, ɗiyarshi ta cikinshi ce ta fara kai mashi ta baya hular ta yi sama, sunka matse shi a lungu ya kasa gaba ya kasa baya yana ta juya sitiyari yana ihu ku bari mana ni ne fa babanku. Inna na bakin shinge tana tafa hannu tana cewa yau na ga ikon Allah, a biya kuɗi don a yi aksidan.

Sai jirgin ruwan nan mai lilo. A nan zan daɗe don shi ne abin da na rubuta a anbulop ɗina. Ni mutum ce da ko tsani ban hawa, in ana gyaran rufin aji ban ko kallon sama, to na rubuta cewa zan hau abin da ya fi ba ni tsoro a wurin kuma ba zan rufe ido ba. Tun daga ƙofa na gan shi na san shi ne. Wani dogon kwalekwale ne rataye a ƙarfe, a ƙarƙashinshi akwai taya kamar ta mota tana juyawa, duk sanda cikin jirgin ya zo wucewa sai ta goge shi ta ƙara mashi tashi, kaɗan kaɗan har ya koma kamar zai kife. Akwai sandar awon tsayi a bakin matakala, auta bai kai ba aka hana shi, ya fasa kuka, nan take Tanti ta durƙusa ta ce mashi kai ne alƙali, tsaya nan ka ƙirga min duk wanda ya yi ihu, maki uku. Yaro ya share hawaye ya gyara tsayuwa kamar jandarma. Irin wannan dabarar ce ta sa na ce yarinyar nan ta san aikinta ko da kar ɗinta bai san nashi ba.

Taubashina da ya ga ina jan ƙafa sai ya samu abin yi, wai Madam ki zauna ki riƙe mana takalma kada a koma da gawa Maradi, har da cewa in na hau ban yi kuka ba zai saya min kilishin jika biyu. Na ce mashi ka ji tsoron Allah ka bar ni, ya ce ba inda za ki kai ƙara, wasan taubasai a Nijar har UNESCO ta sa shi a kundinta tun 2014. To shi ne zuciya ta ɗebe ni. Ni na zauna a tsakiya shi kuma don burga ya tafi can kujerar ƙarshe, ashe ta ƙarshen ita ta fi tashi sama nesa ba kusa ba. Lilo na farko da na biyu lafiya lau har ina cewa ashe abin ba wuya. Na huɗu ne na ji kamar an zare min hanji an bar shi a sama ni kuma na taho ƙasa, hannuna ya daskare a ƙarfe, duk addu'ar da na sani na karanto har da ta shiga kasuwa, amma ido dai na buɗe shi na kafe shi a kan wata bishiyar darbejiya can nesa. Wannan dabarar ina koya ma ɗalibai ita a darasin jikin mutum ban taɓa zaton zan gwada ta a kaina ba, a can cikin kunne akwai wasu ƴan bututu masu ruwa da ke gaya ma ƙwaƙwalwa yadda jiki ke motsi, in abin da kunne ya faɗa ya saɓa da abin da ido ke gani shi ne jiri da tashin zuciya ke zuwa, in ka kalli abu ɗaya mai nisa da ba ya motsi sai abin ya lafa. Ina cikin wannan hali sai na ji wata murya daga baya kamar ta akuyar da anka kama, wai direba tsai da shi, tsai da shi ina da iyali. Taubashina ne. Mutum mai gemu yana kiran uwarshi. Da anka sauke mu sai da ya zauna a ƙasa ya dafe kai, auta ya zo da rahotonshi ya ce mutum tara sun yi ihu amma Tonton shi kaɗai ya yi sau goma sha ɗaya.

Shawarata ga mai zuwa, kada ku ci abinci mai maiƙo kafin ku hau, ku zauna tsakiya, kuma mata a ɗaure hijabi da kyau a cusa shi ƙarƙashin ƙarfen.

Akwai defi ɗaya da ban yarda da shi ba kuma na faɗa mata a gaban kowa, na 9, wai ka saki hannu a kan lilo ka ɗaga sama. Na san ana yi a bidiyo amma mu da yara ƴan shekara bakwai takwas waɗanda ƙarfen ma bai matse su sosai ba, ba za ka sa ma yaro maki a kan sakin abin da ke riƙe da ranshi ba. Ba ta yi gardama ba ta karɓi takardun ta soke shi da bik. Na cin alawar auduga ba da hannu ba kuma ba haɗari amma duk wanda ya yi sai ya wanke fuska da hijabi, ƙudan Kano duk sun san mu ranar.

Babban abin da ya ɓata min rai a wurin wasan kanshi shi ne lilon nan mai kama da ƙafar keke. Tun muna layi babbar ɗiyata ke karanto mana a waya cewa wani injiniya ɗan Amurka mai suna George Ferris ya ƙera na farkon irinshi a Chicago a 1893, tsayinshi wajen mita 80, ɗakuna 36 kowane na ɗaukar mutum 60. Namu ko kusa bai kai ba amma ga mai tsoron tsani ya isa. Defin shi ne in kun kai sama ku ƙirga hasumiyar masallatai nawa kuke hange. Mun kai ƙololuwa kenan ni da ita sai ji munka yi ɗif, kiɗa ya tsaya inji ya tsaya, kuran ya tafi kuma gurup ɗinsu, wato janareto, ya ƙi tashi. Minti ashirin muna rataye, ga hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin iska na kaɗa kujerar tana ƙara, ba wanda ya ɗaga murya daga ƙasa ya ce mana ku kwantar da hankali ana gyara, ma'aikatan sai kai da kawowa suke da jarka. Da anka sauke mu ma ko sannu. Wannan ba daidai ba ne, wurin da ke ɗaga ɗiyan mutane sama bai kamata a ce sai wuta ta ɗauke ake neman mai ba. Abin da ya hana ni sumewa yarinyar nan ce da ta riƙe hannuna ta ce Mama mu ci gaba da ƙirga, munka yi ta ƙirga, mun kai 23 ita ta ce 26 wai na tsallake na bayan tankin ruwa.

Muna sauka kuma anka nemi Inna anka rasa. Hankalina ya tashi don tsohuwa ce ba waya gare ta ba, sai can wani yaro ya nuna mana wajen dawakin katakon nan masu zagayawa na ƙananan yara, da wuta ta dawo sun tashi. Ga Inna zaune a kan wani farin doki ta karkace gefe guda ta riƙe sandar da hannu biyu, lulluɓinta na tashi, fuska a ɗaure ba dariya kamar mai zuwa gaisuwar sarki, auta na kan na kusa da ita. Mun ɗauka rakiya ta yi mashi. Da ta sauko na ce Inna lafiya, ta ce lafiya lau mi kika gani.

Ranar ƙarshe an yi ta ne a guje saboda Tanti na son mu tsallaka iyaka da rana, wanda daidai ne, amma da an tashi da wuri da ba a ba mu awa ɗaya tak a gidan zoo na Audu Bako ba, wanda ya yi gwamnan Kano daga 1967 zuwa 1975, wuri mai faɗi haka ka ce a zaga shi a awa guda da yara ashirin. Marinar Ƙofar Mata da dutsen Dala kuwa ta taga munka gaishe su.

Bayan mun baro Katsina ta ciro anbulop ɗin. Ana kiran suna ana karantawa mota ta yanke hukunci ko ka cika ko ba ka cika ba. Ɗana na tsakiya ya rubuta ba zan yi kuka ba har mu dawo, mai rake ya riga ya karya shi tun ranar farko. Babbar ɗiyata, wadda ko baƙo ya shigo gida ɗaki take shigewa, ta rubuta cewa za ta yi ma mutum uku da ba ta sani ba magana da kanta, sai a lokacin na gane dalilin da ya sa ta nace ita za ta je karɓo canji wurin mai tike kuma ita ta tambayi wata mata hanyar wurin alwala, ni ina can ina mamaki ban san aiki take ba. Taubashina ya rubuta zan sa Madam kuka, mota gaba ɗaya ta ce amandi ninki biyu. Da anka zo kan ta Inna Tanti ta buɗe ta juya takardar sama ta juya ƙasa ta kasa, ashe da ajami ta rubuta, sai yaron mota da ya yi makarantar allo ya karɓa ya karanta, kalma uku ce, zan hau doki. Anka fashe da dariya, ita kuma ta ce ku yi dariyarku, tun ina yarinya a Tibiri duk salla ina tsaye bakin zaure ina kallon yayyena maza ana ɗora su bisa dokin babanmu, ni ko linzami ba a bari in taɓa wai ɗiya mace ce, to yau shekara ta kusa saba'in na hau, ko na itace ne na dai hau kuma fari na zaɓa. Motar ta yi tsit na ɗan lokaci sai wani ya fara tafi kowa ya ɗauka, ta ce tafin mi, ku miƙo min gwangwanin.

Ba ita ta ci ba, ɗan taubashina ne ya fi maki, anka fasa gwangwani anka ƙirga sefa 7.300 da wasu nairori, Inna ta ce ko sama da ƙasa za su haɗe sai an maido mata jikarta don ita ba kuskure ta yi ba Hausa ta yi, yaron ya ba ta dala ɗari anka rabu a haka tana mita har Dan Issa. Mun shigo Maradi ana kiran magariba.

Na ji Tanti na shirin wata tafiyar a hutun Disamba. Na ce mata in ta canja kar ta kuma je da kanta ta duba injinan da ke aiki kafin ta karɓi kuɗin mutane to ta rubuta sunana, in ba haka ba ta saida min takardar kawai. Kai kuma taubashina na san kana karantawa, yau kwana 19 kenan kilishin jika biyu bai iso gidana ba, kuma bidiyon jirgin ruwa na nan a wayar ɗiyata da sauti da komi.